Yadda Muka Gwada Babbar Manhajar Kwamfuta Daga Ƙauyenmu Kafin a Sake Ta

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, yaron ƙauye ya shiga wani hali. Zai iya sanin amsar tambaya sarai, amma ranar jarrabawa hannunsa na rawa a kan maus, lokaci kuma na tafiya. Wannan ne ya sa ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ta yi karo-karo aka sayo tsofaffin laftof na hannu daga Kano, aka kafa mana sola da inbata, aka damƙa mini ɗakin tunda ni ke koyar da darasin kwamfuta.

Kwamfutocin sun zo da Windows, kuma sun yi mana aiki gwargwado. To amma kamfanin Microsoft ya daɗe da sanar da cewa daga 14 ga Oktoban 2025 zai daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da inji mai ɗan sabunta, kuma babu ko ɗaya a cikin namu da ya cika sharaɗin. Maganar sayen sababbi ba ta ma taso ba. Sai na goge su na girka musu Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Na zaɓi wani reshenta mara nauyi daga zuriyar Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux, wanda ram giga biyu ke iya ɗauka. Yara ba su daɗe ba suka saba.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne kowace fitowar babbar manhaja tana da wa'adinta. Idan ya cika, dole a koma kan sabuwa, in ba haka ba gyare-gyaren tsaro su daina zuwa. Wa ya tabbatar mini sabuwar za ta tashi a kan waɗannan tsofaffin na'urori? Masu rubuta ta suna zaune ne da sababbin kwamfutoci, wuta ba ta ɗauke musu, intanet ba ya yanke musu. Ba mugunta za su yi mana ba, halin da muke ciki ne ba ya gabansu.

Da na bi yadda Debian ke tafiyar da aikinta, sai tsoron ya ƙaru, amma kuma na ga hanya. Tun 1993 Ian Murdock ya kafa ta, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Mataki uku take da su. Sabuwar manhaja tana fara sauka ne a matakin da bai zauna ba, ta yi 'yan kwanaki a can. Idan ba wanda ya kawo rahoton babbar tangarɗa a kanta, sai ta wuce matakin gwaji. In lokaci ya yi sai a tsayar da karɓar sababbin abubuwa, a duƙufa kan share manyan matsalolin da aka kawo, sannan a saki tsayayyiyar fitowa, kusan duk shekara biyu. Ka ga ke nan shirun masu gwaji shi ake ɗauka a matsayin amincewa. Idan babu mai irin kwamfutarmu a cikin masu gwajin, duk abin da ya lalace a kanta zai wuce salin-alin, sai bayan an saki manhajar mu gamu da shi a gaban ɗalibai. Haka ma abin da aka rasa masu gwada shi da kula da shi, a hankali ake ajiye shi. Fedora, wani reshen Linux, ta daina fitar da manhajarta don tsofaffin injuna masu bit 32 a 2019, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ba ta da manhajar girkawa dominsu. Hannayen da za su riƙe aikin ne suka yi ƙaranci.

Reshen da muke amfani da shi yakan fitar da na gwaji makonni kafin ranar saki, ya ce duk mai iko ya sauke ya gwada ya kawo rahoto. Ba a tambayar takardar shaidar karatu ko ƙasar da ka fito. Wannan al'ada ta samo asali ne tun daga farko. Ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya sanar cewa yana haɗa wata babbar manhaja don sha'awa, yana son jin abin da mutane ke so a saka a ciki. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga watan, gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa jiharsu da Linux sa'anni ne.

Na fara da neman izinin shugaban makarantarmu, dattijo ne mai taka-tsantsan da kayan jama'a. Na yi masa bayani, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kayan nan amana ne a hannunmu. Su da kansu sun ce abin bai kammala ba, mu kuma mu ɗora wa kayan marayu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna yadda malaman gona ke kawo sabon irin gero ko wake su ce a ware kadada kaɗan a gwada kafin a raba wa kowa? Irin da ya yi kyau a gonar bincike ba lalle ya yi a rairayinmu ba, kuma in ba mu shuka mun faɗa musu ba, ba za su sani ba. Ba duk gonar zan shuka ba, gefe zan ware."

Ya amince bisa sharaɗin a ware kwamfutoci uku kawai, sauran kuma kada a taɓa su har yara su gama jarrabawa. Tsoronsa yana kan hanya, kuma na faɗa masa dalilin da ma ya fi wanda ya kawo. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, yana aiki a kan matakin Debian da bai zauna ba, ya lura shiga kwamfuta daga nesa yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya gano cewa wani da ya shafe shekaru yana ba da gudummawa, har aka yarda da shi, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz. Mugun abin ya riga ya shiga fitowar gwaji ta Debian da Fedora da openSUSE, amma bai kai ga tsayayyun fitowar Debian ko Ubuntu ko Red Hat da duniya ke dogaro da su ba. Buɗaɗɗiyar ƙofar da macucin ya bi ita ce kuma ta ba mai gwaji damar kama shi. Don haka kwamfutar gwaji ba a ajiye sakamakon ɗalibai a cikinta, ba a shiga asusun banki da ita.

Aiki mafi wahala shi ne na farko, wato sauke fayil ɗin girkawa. Irin waɗannan fayiloli sukan kai giga biyu zuwa shida, ya danganta da reshe. A ƙauyenmu sabis yana zuwa ne yana tafiya, ya fi ƙarfi can bakin titi, ya fi sauƙin kuɗi da tsakar dare. Na yi amfani da manhajar da ke ci gaba daga inda aka tsaya in layi ya yanke, na riƙa tara shi kaɗan-kaɗan, ragowar na ƙarasa a shagon wani abokina mai buga takardu a Gumel. Bayan an sauke akwai matakin da ba a tsallakewa, musamman ga mai irin layinmu: kowane fayil yana zuwa da lambar tantancewa ta SHA256, jerin haruffa da lambobi 64. Kwamfutarka za ta lissafa nata daga fayil ɗin da ka sauke, ka gwama da wanda suka bayar. Ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya samu rauni a hanya, kuma duk matsalar da ka gani bayan nan ba ta manhajar ba ce, kai rahotonta ɓata wa mutane lokaci ne. Namu ya dace. Na rubuta shi a kan filashi.

Masu shirya gwajin suna da jerin abubuwan da suke so a bi. A girka a kan duk ma'adanar kwamfuta. A girka kusa da wata babbar manhaja ba tare da an goge ta ba. A girka babu intanet, a sake girkawa da intanet. A zaɓi wani harshe ko wani tsarin kibod. Bayan nan a duba sauti, da haɗa wayafai, da filashi, da firinta, da rufe murfin laftof a buɗe. Kowanne ka gwada za ka rubuta ya yi ko bai yi ba, tare da irin na'urarka. Abin da ya yi ma ana son a faɗa, don sanin cewa wani tsohon inji yana aiki lafiya shi ma labari ne a wurinsu.

Na zaɓi ɗalibai kaɗan daga 'yan ajin ƙarshe, maza da mata, na raba musu jerin a takarda da Hausa. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano, zafi ya kai inda sai mun ɗora kwamfutocin a kan bulo don iska ta ratsa ƙarƙashinsu. Girkawa babu intanet ta tafi lafiya lau a duka ukun. Muka zaɓi Legas a taswirar lokaci, muka zaɓi kibod ɗin Hausa na Najeriya, wanda da yawa ba su san yana cikin Linux tun da daɗewa ba.

Da muka zo girkawa da intanet ne abin ya ɓullo. Na kunna hosfot a wayata, muka haɗa ɗaya daga cikin kwamfutocin, wadda babban batirinta ya mutu sai da wutar inbata take tashi. Manhajar girkawa ta tafi daidai har inda za ta ɗauko sababbin gyare-gyare, nan ta tsaya cak. Alamar jira tana ta juyawa, babu saƙo, babu maɓallin komawa baya. Muka bar ta muka je sallar la'asar muka dawo, tana nan yadda take. Muka ɗauki filashin nan, da wayar nan, muka sa a ta biyu, wadda kamfaninsu ɗaya ƙirarsu ɗaya, ta wuce wurin ba ko gargada. Muka koma ta farko, ta sake tsayawa a daidai inda ta tsaya. Sai na ɗauko tsohuwar fitowar da muke amfani da ita na girka a kan wannan mai tsayawar, da hosfot ɗin a haɗe, ta ƙarasa. Wannan gwajin na ƙarshe shi ya ba rahoton nauyi, don ya nuna abu ne da da yake aiki yanzu ya daina, kuma irin wannan suka fi ɗauka da gaggawa.

Kafin a rubuta rahoto ana fara bincika rajistar matsaloli, ko wani ya riga ya kawo irinsa. Ban samu ba. Na buɗe asusu da imel ɗina na rubuta. Rahoto mai amfani abu uku ne: abin da na yi mataki-mataki, abin da na sa ran gani, da abin da ya faru. Ba a buƙatar doguwar gaisuwa ko ƙorafi, kuma wannan ya yi wa ɗalibaina wuya, don a wurinmu shiga magana ba sallama rashin tarbiyya ne. Mun fara tsara shi da Hausa a kan allo, sai da kowa ya yarda cewa baƙon da bai taɓa ganin ɗakinmu ba zai iya bin matakan, sannan muka mayar da shi gajeren Turanci. Na haɗa da kundin da manhajar girkawa ke rubuta duk motsinta a ciki, wanda na kwafo ta baƙin allon umarni zuwa filashi. Na karanta shi layi-layi kafin in tura, na goge sunan hosfot ɗina, don abin da ka ɗora a rajistar kowa a duniya yana iya gani.

Aka yi 'yan kwanaki shiru. Sannan wani ɗan sa-kai daga cikin masu tace rahotanni ya amsa cewa ya gwada a wurinsa bai ga matsalar ba, ya sa wa rahoton alamar ana neman ƙarin bayani, ya nemi kundin tsarin gaba ɗaya tun daga kunnawa. A nan rahotanni da yawa ke mutuwa, mai kawowa ya ji an ce ba a gani ba sai ya yi fushi ko ya manta, bayan wani lokaci a rufe. Na sake girkawar, na kwaso abin da ya nema, na tura.

Wanda ya warware ƙullin wani injiniya ne cikin masu kula da manhajar girkawar. Tambaya ɗaya ya yi: me ya sa kwanan watan da ke cikin kundin bai yi daidai da ranar da na ce na yi gwajin ba? Ya ce in shiga BIOS, wato saitin da ke cikin injin kansa, in duba agogo. Na duba, sai ga shi yana nuna wata shekara da ta wuce da daɗewa.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, galibi CR2032, aikinsa riƙe agogo idan an kashe ta. Na wannan kwamfutar ya mutu, babban batirin ma ya mutu, saboda haka duk sanda aka kashe inbata sai agogonta ya koma baya. A inda intanet ke da ƙarfi ba wanda zai lura, don da zarar an haɗa layi kwamfuta take tambayo sahihin lokaci ta gyara kanta cikin daƙiƙoƙi. A layinmu kuwa alamar haɗuwa tana nunawa, amma amsar lokacin ba ta isowa kafin manhajar girkawa ta fara aikinta. Jerin gyare-gyaren da take ɗaukowa yana ɗauke da sa hannu na sirri da kwanan wata, kuma don tsaro ba ta karɓar jerin da a lissafin agogonta ranarsa ba ta zo ba tukuna. Tsohuwar fitowa in ta gamu da haka sai ta tsallake ta ci gaba. Sabuwar kuwa an sake rubuta wannan ɓangaren, sai ta riƙa sake nema ba iyaka. Ita kuwa ta biyun da ta wuce, ɗan batirinta da sauran rai.

Sai abu uku sun haɗu matsalar ke fitowa: mataccen ɗan batir, mataccen babban batir, da layi mai rauni. A ɗakin gwajin kamfani da wuya su haɗu. A shagunan buga takardu da makarantun karkara daga nan har Nijar, kullum a haɗe suke. Injiniyan ya mayar da agogon tasa kwamfutar baya, ya toshe hanyar tambayo lokaci, nan take ya ga abin da idonsa. Aka sauya alamar rahoton zuwa wanda aka tabbatar, aka ɗaga muhimmancinsa.

Facin da ya rubuta, wato gyaran da ya yi a rubutun manhajar, 'yan layuka ne, kuma a fili yake, na buɗe na gani. Ban ƙware a harshen da aka rubuta shi ba, amma na gane an sa iyakar jira, an kuma ƙara saƙon da zai gaya wa mutum agogonsa ba daidai yake ba, za a ci gaba ba tare da gyare-gyaren ba. Wani daban ya duba facin ya amince, aka shigar da shi cikin fayil ɗin gwaji da ake sabuntawa kullum. Sai aka dawo kaina, don ba a rufe rahoto sai an tabbatar gyaran ya yi a inda matsalar ta fito. Sake sauke giga-gigan nan ya fi ƙarfina, amma akwai wata ƙaramar manhaja, zsync, da ke gwama tsohon fayil ɗinka da sabon ta ɗauko abin da ya canza kaɗai. Da ita na samu sabon. Muka cire kwamfutar daga wuta don agogon ya koma baya, muka haɗa hosfot, muka fara. Da ta iso wurin ta ɗan jira, saƙon ya fito, ta wuce ta ƙarasa. Yaran suka yi ta murna. Ni ma na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba a aikin koyarwa, don na san duk mai tsohuwar kwamfuta a ko'ina da zai girka wannan fitowar ba zai tsaya inda muka tsaya ba. Na rubuta cewa gyaran ya yi, aka rufe rahoton.

Ba duk abin da muka kai ne ya ƙare haka ba. Wani ɗalibi ya lura cewa a ɗaya daga cikin nau'o'in rubutun da ke zuwa da manhajar, haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da wata siffa daban da sauran, don babu su a cikinsa sai an aro daga wani. Muka kai rahoto, aka ce an riga an kawo, aka haɗe namu da tsohon. Mun ƙara hoton shafin Hausa a can don a ga yadda yake ɓata rubutu.

Na ukun shi ya fi damuna, kuma wata ɗaliba ce ta gano shi. Ta zo ta ce, "Malam, wannan in na rufe murfin na buɗe, fitila tana kamawa amma fuskar ba ta dawowa." Muka gwada, haka ne, kuma a tsohuwar fitowa tana dawowa. Aka amsa mana cewa matsalar ba ta reshenmu ba ce, daga can zuciyar Linux take, wadda duk rassan ke ɗauka. Ita zuciyar tana da nata zagayen: mako biyu ana karɓar sababbin canje-canje, sannan kusan mako bakwai ana fitar da na gwaji duk mako, a saki sabuwa bayan mako tara ko goma. Kowace fitowa tana ɗauke da canje-canje sama da dubu goma. Don a gano wanda ya jawo matsalar, sai a raba su biyu a gwada tsakiya, in ta yi a san laifin yana rabin gaba, in ba ta yi ba yana rabin baya, a sake rabawa. Da haka canji dubu goma sha shida ma zagaye goma sha huɗu ya isa a kai ga guda ɗaya. Dabara ce mai kyau, kuma manhajar Git da Torvalds ya ƙirƙira a 2005 tana yi maka lissafin. Sai dai kowane zagaye yana nufin harhaɗa zuciyar manhajar daga tushe, aikin da zai ci wa tsohuwar laftof awanni tana huci, kuma mu solarmu ba ta kai dare. Wanda ya amsa mana ba shi da irin na'urar, ba zai iya yi a madadinmu ba. Rahoton yana nan a buɗe. Kafin a samu mafita mun saita kwamfutar kada ta yi barci in an rufe murfin.

Wannan ya nuna mini iyakar buɗewar. Ƙofa a buɗe take da gaske, ban gamu da wanda ya raina ni don daga ƙauye nake ba, tambayoyinsu duk a kan kundi da matakai suke. Amma shiga tana da kuɗi: data, da wuta, da Turancin da za ka iya bayyana matsala da shi, da lokacin bibiyar amsa. Duk datar da aka ƙona daga aljihuna ta fito. Ɗalibar da ta gano matsalar murfin ta fi kowa lura, amma ba ta da waya, kuma ba za ta iya tsayawa bayan an tashi ba, don haka ni nake karanto mata amsoshin washegari. Ina fatan wata rana wuraren da ke da layi mai ƙarfi da ɗaliban kwamfuta, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, su riƙa ajiye fayilolin gwaji malaman ƙauye su zo su kwafa a filashi, su kuma ware rana guda a zo da tsofaffin na'urori a gwada tare. Fedora ta daɗe tana ware irin waɗannan ranaku na gwaji, kowace rana da ɓangaren da za a mayar da hankali a kai.

Wani abokin aikina ya tambaye ni ko ba aikin banza muke yi wa kamfanonin Turawa ba. Tambayar tana da tushe. Kamfanin Red Hat ya buɗe Fedora ga jama'a a 2003, kuma daga abin da aka gwada a can yake gina manhajar da yake sayar wa manyan ma'aikatu. Novell ya yi haka da openSUSE a 2005. Ba sadaka suka yi ba, sun gane babu kamfanin da zai iya sayen kowace irin na'ura ya gwada a kowane irin yanayi. Microsoft ma a 2014 ya buɗe shirin Windows Insider don jama'a su gwada Windows 10 kafin ta fito a 2015, sai dai a can gwaji da rahoto ne naka, asalin rubutun manhajar a rufe yake. Bambancin da na gani da idona shi ne na bi rahotona daga farko har ƙarshe, na ga facin, na ga wanda ya duba shi, kuma gyaran ya dawo mana ba ko kwabo. Lasisin GPL da Richard Stallman ya tsara, wanda zuciyar Linux ke ƙarƙashinsa tun 1992, ya wajabta wa duk wanda ya rarraba manhajar ya bayar da asalin rubutun tare da gyare-gyarensa. Kamfani yana iya janye hannu: kamfanin Sun ya buɗe babbar manhajarsa OpenSolaris a 2005, kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010 ya dakatar da shirin. Amma rubutun da aka riga aka saki bai koma ba, wasu suka ɗauka suka ci gaba da shi da sunan illumos. Na ce wa abokina su suna amfana, mu ma muna amfana, kuma namu amfanin ba a hannun alherinsu kaɗai yake ba.

Da aka saki tsayayyiyar fitowar, sai da yara suka gama jarrabawa sannan na girka ta a sauran kwamfutocin, kamar yadda na yi wa shugaban makaranta alkawari. Na yi saƙon ƙananan batira daga Kano na canza wa kowacce, ban da waccan da ta tsaya mana, ita na bar ta da mataccen nata da gangan, na liƙa mata takarda cewa ta gwaji ce. Ɗalibar nan kuma ta nemi in rubuta mata matakan raba canje-canjen a takarda. Yayanta yana aiki a Dutse inda wuta ta fi zama, ta ce in shugaban makaranta ya yarda a ba ta aron laftof ɗin a hutun ƙarshen zango, za ta je can ta yi zagayen. Na kai masa maganar, ya ce a rubuta a littafin aro, mahaifinta ya sa hannu.